Hula, Rawani, Kallabi da Danginsu: Bambancin Ma'anar Sunayen Suturar Kai a Hausa

Gabatarwa

Duk malamin da ya daɗe yana duba takardun insha'in Hausa ya saba cin karo da jimloli irin su "sarki ya sa rawani", ko "amarya ta ɗaura gyale", ko "ɗaliba ta yafa hijabi". Yaron da ya rubuta haka bai karya ƙa'idar rubutu ba, kuma kowa ya gane inda ya dosa. To amma dattijon da aka karanta wa irin wannan jimla sai ya ɗan yamutsa fuska, domin a wurinsa rawani naɗa shi ake yi, gyale yafa shi ake yi, hijabi kuwa sa shi ake yi. Wannan yamutsa fuska tana da dalili, kuma dalilin ne wannan maƙala za ta bi.

Bahaushe yana da sunaye masu yawa na abin da yake rufe kai ko yake ƙawata shi, har wanda bai lura ba ya ɗauka duk abu ɗaya suke nufi. Ba haka abin yake ba. Idan aka duba da kyau za a ga ba yadi ko launi ko tsada ne ya fara raba waɗannan sunaye ba. Abin da ya fara raba su shi ne yadda kowane abu yake hawa kai: sa shi ake yi, ko naɗa shi, ko ɗaura shi, ko yafa shi, ko kuwa ƙara shi ake yi a jikin gashi. Wato aikatau ɗin da ke tafiya da suna shi ne mabuɗin ma'anarsa. Daga nan ne sauran bambance-bambancen suke biyowa, kamar wane ne ya cancanci abin, da kuma me yake sanar da jama'a game da wanda ke ɗauke da shi.

Abin da ake sawa

Hula ita ce abin da aka riga aka ɗinka ko aka saƙa daidai da girman kai, ba ta bukatar komai sai a ɗauka a sa. In mutum ya zaunar da ita sosai a ce ya kafa hula, in ya lanƙwasa samanta gefe guda a ce ya karya ta. A ƙasashen Sakkwato da Katsina da sassa da yawa na Jamhuriyar Nijar an fi jin tagiya, kalmar da aka aro daga Larabci. Tagiya da hula abu ɗaya ne, bambancinsu na karin harshe ne kawai, don haka bai kamata malami ya soke ɗaya ya bar ɗaya ba.

A cikin dangin hula ne Bahaushe ya fi sakin baki wajen raɗa suna. Haɓar kada ita ce mai leɓatu biyu da ke sauka a kan kunnuwa, wadda aka fi sani da mafarauta da makaɗa da tsofaffin ƙauye. Bahaushe ya dube ta ya ga muƙamuƙin kada, Bayarabe kuwa ya dubi irinta ya ga kunnen kare, ya raɗa mata suna da haka a harshensa. Ƙube ita ce mai aikin zare da allura. Zanna bukar ta samo sunanta daga Zanna Bukar Dipcharima, ɗan siyasar Borno wanda ya riƙe muƙamin ministan tarayya a Jamhuriya ta Farko, kuma har yau mutanen Borno ne ake yi wa kirari da gwanintar ɗinkinta. A kasuwar Kurmi mai sayar da hula zai ƙara maka da damanga da tangaran da bangwal da minista, kowace da irin zanenta da farashinta. Akwai kuma sunayen da tsokana ta haifar. Hular Turawa mai baki a gaba ita ce hana-salla, saboda bakin nata yana tokare ƙasa kafin goshi ya isa. 'Yar farar hular nan mai kama kai ita ce taɓa-ni-ka-ji-hadisi. Irin waɗannan sunaye suna ɗauke da ra'ayin wanda ya raɗa su, saboda haka ya kyautu malami ya nuna wa ɗalibai cewa ba a kowane zama ake furta su ba.

Dara tana da nata tarihi. Ita ce jar hular nan ta ulu da aka danne, wadda fataken Larabawa suka riƙa kawowa ta hamada daga Arewacin Afirka. A birnin Kano har yanzu akwai unguwar Dandalin Turawa, inda irin waɗannan fatake suka zauna a zamanin da kalmar "Turawa" take nufin Larabawa. A da, babban aikin dara shi ne zama gindin rawani, a sa ta sannan a naɗa a kanta. Daga baya sojojin mulkin mallaka suka sa ta a matsayin kayan sarki. A zamaninmu kuwa jar hula ta zama alamar siyasa a Kano, ana danganta ta da Malam Aminu Kano wanda ya rasu a 1983, sannan magoya bayan Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso suka mai da ita tambarinsu. Yau in aka ce wane "ɗan jar hula ne", babu mai tambayar dara ce ko zanna, domin maganar ta tashi daga tufafi ta koma aƙida.

Malafa, wadda wasu ke kira malfa ko gurumfa, ita ma ɗauka ake yi a kifa a kai, amma ba a sa ta cikin huluna. Dalili kuwa shi ne aikinta inuwa ne. Da kaba ake saƙa ta, manomi da makiyayi da ɗan fatauci su ne masu ita, kuma tana iya hawa kan hula ko kan rawani. Ranar hawan salla akan ga mahaya da malafa mai adon fata a bisa rawaninsu. A wannan hawan ne kuma ake ganin kwalkwali, wato hular yaƙi ta 'yan lifidi mai tsayi da adon gashin jimina. Abin lura a nan shi ne, da hular ƙarfe ta soja da ta masu babur ta zo, mutanen gari ba su waiwayi kwalkwali ba, sai suka ce hular kwano. A ganina an yi asarar kalma a nan, domin tsohon sunan ya ishe mu. Sai dai harshe ba ya neman izinin kowa, kuma yanzu kwalkwali ya zauna a hawan salla, wanda hukumar UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024.

Abin da ake naɗawa

Rawani dogon ƙyalle ne da ba shi da siffar kai sai an ba shi ita. Kowane lokaci sai an zagaya shi, an gyara, an soke bakinsa. Wannan ne ya sa ba a cewa an sa shi. Irin ƙyallen ma yana da sunaye. Harsa ita ce farar mai laushi, shara-shara. Ɗan Kura shi ne baƙi mai ƙyalli, wanda aka rina da baba aka buge har ya yi sheƙi, sunansa kuwa daga garin Kura ne da ke kudu da birnin Kano. Irin wannan rini ne Buzaye suke saye suna rufe fuskokinsu da shi. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ba da labarin yadda rinannun tufafin Kano suke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus.

Amawali wani sashe ne na naɗin, wato wanda yake zagayowa ƙarƙashin haɓa, ana iya ja shi sama ya rufe baki da hanci. Ba kowane rawani yake da shi ba. Rawanin liman ko malami sau da yawa a saman kai yake tsayawa, a bar masa jela a baya, haka ma wanda akan naɗa wa yaro ranar saukar Alƙur'ani. Na masu sarauta shi ne mai amawali. A Kano kuma akwai kunne biyu, wato bakin rawani guda biyu da ake tsayarwa a sama, wanda bisa al'ada sarki da 'ya'yan gidan sarauta ne suke yin sa. Mutane sukan ce siffar naɗin duka tana kwaikwayon rubutun sunan Allah da Larabci. Ko ma dai mene ne asalinsa, wanda ba ɗan gidan ba in ya fito da kunne biyu ya yi abin da za a kira shi a tambaye shi. Masu shirya wasan kwaikwayo a makarantu ya kamata su san wannan, domin sau da yawa akan ga an fito da yaro a matsayin dagaci an tsayar masa da kunnuwa biyu, iyaye kuwa suna zaune suna kallo.

Hirami ba rawani ba ne, ko da yake wasu sukan naɗa shi. Shi ne ƙyallen nan mai faɗi da alhazai da malamai suke ɗorawa a kai ko su rataya a kafaɗa, kuma ba ya ɗauke da wani muƙami.

Da yake a fada ana ba mutum sarauta ne ta hanyar naɗa masa rawani a gaban jama'a, sai kalmomin biyu suka tashi daga kan ƙyalle suka koma kan muƙamin kansa. Akan ce wane ya gaji rawani, ko rawani ya faɗo gidansu, ko an warware rawaninsa idan an tuɓe shi. Karin maganar nan "girman kai rawanin tsiya" a kan wannan ma'ana ta ginu. Aikatau ɗin ma ya yi nisa fiye da sunan. Yau ana naɗa kwamishina, ana naɗa shugaban jami'a, ana naɗa mai horar da 'yan ƙwallo, alhali babu ƙyallen da ya taɓa kan ɗayansu. Da aka yi bikin ɗora wa Sarki Charles na III kambi a Ingila a watan Mayun 2023, da Hausa naɗi aka kira bikin, kuma daidai ne. Kambi, wato hular zinariya ta sarakunan wasu ƙasashe, ba ya cikin kayan sarautar Hausa, shi ya sa kalmar ta fi samun wurin zama a fassara da labarin wasanni.

Ɗaurawa da yafawa

A ɓangaren mata ne rikicin sunaye ya fi yawa, kuma a nan ne aikatau ya fi taimakawa. Abin da ake ɗaurawa a kai shi ne kallabi, ko ɗankwali, ko adiko, ko fatala. Adiko an fi jin sa a yammacin ƙasar Hausa. Fatala tsohuwar kalma ce da 'yan mata da yawa a yau ba su taɓa ji ba. Kallabi da ɗankwali kuwa kafaɗa da kafaɗa suke tafiya a bakin mutanen Kano, har mafi yawa ba sa raba su. Akan ce ɗankwali ya samo sunansa daga kwalin da 'yan kasuwa suke kawo shi a ciki, wato da farko sunan na kanti ne, daga baya ya mamaye har wanda tela yake yankowa daga turmin atamfa mai yadi 6 bayan an fitar da riga da zane. Shaidar cewa kalmar ta riga ta dunƙule ita ce jam'inta. Da "ɗan" ɗin yana nan da ransa, da 'yankwali za a ce, amma abin da ake ji a kasuwa shi ne ɗankwalaye. Duk da haka kallabi bai rasa matsayinsa ba. In mace ɗaya ta shiga cikin maza a wani aiki ko takara, "kallabi tsakanin rawuna" ake cewa, babu mai sa ɗankwali a wannan gurbi. Wato idan ana son ƙyalle ya tsaya a madadin mace gaba ɗaya, tsohuwar kalmar ake kira.

Salon ɗaurin ma yana da sunayensa, kamar ture-ka-ga-tsiya, da ɗaurin Maryam Babangida wanda ya yi tashe lokacin da mijinta yake mulki daga 1985 zuwa 1993. Waɗannan sunayen ɗauri ne, ba sunayen ƙyalle ba.

Abin da ake yafawa shi ne mayafi. Ginin kalmar ma ya faɗi haka, domin daga "yafa" aka ƙera ta, kamar yadda aka ƙera mabuɗi daga "buɗe". Saboda haka ma'anarta tana da faɗi: zanen da tsohuwa ta jefa a kanta mayafi ne, bargon da aka rufa da shi da sanyin hunturu ma mayafi ne. Gyale kuwa nau'i ne guda a cikin mayafai, wato mara nauyi, na kanti, wanda ado ya fi yawa a cikinsa. Kowane gyale mayafi ne, amma ba kowane mayafi ne gyale ba. Masu haɗa lefe sun san wannan sarai, domin in dangin amarya suka ce an kawo gyale babu mayafin kirki, kowa ya san ƙorafin da suke yi.

Tarihin kalmar gyale abin sha'awa ne. Daga Yarabanci ta zo, amma a can abin da take nufi shi ne ɗaurin kai mai tashi sama, wato abin da mu za mu sa a dangin kallabi. Da ta shigo Hausa sai ta sauko daga tsakar kai ta koma kafaɗa. Sannan da shi wancan ɗauri na Yarabawa ya shigo bukukuwanmu, sunansa ya riga ya kama wani aiki, sai aka kira shi gwaggwaro, ko ashoke. Ashoke ɗin ma a Yarabanci sunan saƙaƙƙen ƙyallen ne, ko an ɗaura shi ko an yi riga da shi. Aron bai tafi hanya ɗaya ba, domin kalmar da Yarabawa suke kiran rawani da ita, lawani, daga tamu take.

Lulluɓi ya sha bamban da duk waɗannan, domin asalinsa sunan aiki ne. Da zane ko da mayafi ko da gyale, in mace ta rufe kai da jiki ta yi lulluɓi. Shi ya sa amarya take shiga gidan miji cikin lulluɓi, a kuma yi bikin buɗar kai daga baya. Lafaya, wadda muka koya daga matan Barebari da Shuwa, ita ce tufar mata da ake cewa an naɗa, saboda zagaya jiki ake yi da ita har a kawo bakinta kan kai.

Hijabi

Hijabi ya shigo wannan dangi a makare, kuma ya zo da siffar da ba irin ta sauran ba. Ɗinkakke ne, mai gurbin fuska, ana zura kai a cikinsa. Ta wannan fuska ya fi kusa da hula da riga fiye da mayafi, shi ya sa aikatau ɗinsa "sa" ne. Ya fara yaɗuwa ne tare da makarantun Islamiyya na matan aure da wa'azin ƙungiyoyi irin su Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya ƙara ƙarfi bayan jihohin Arewa sun fara aiwatar da Shari'a daga 1999 zuwa 2000. Niƙabi kuwa shi ne ƙyallen da ke rufe fuskar kanta.

A Larabci kalmar hijabi shamaki take nufi, kowane irin abin da ya shiga tsakani, kuma da wannan ma'ana malaman sufaye suka daɗe suna amfani da ita kafin a san tufar. Saboda haka malamin da ke wa'azi yana iya cewa hijabi yana nufin cikar sutura ko da wane irin ƙyalle aka yi ta, alhali tela da mai saye ɗinkakken nan suke nufi. Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne ga shugabannin makarantu. Dokar da ta ce "kowace ɗaliba ta rufe kanta" ta yarda da ɗankwali. Wadda ta ce "ta sa hijabi" ba ta yarda da shi ba. Maganar ta taɓa kaiwa har Kotun Ƙoli ta Nijeriya, wadda a watan Yunin 2022 ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas.

Gashin da ba na mai shi ba

Ƙara wa gashi girma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tsohon kitson nan da ake kira doka, mai tudu daga goshi zuwa ƙeya, a kan ɗan matashi na tsumma ake gina shi, a ja gashi a rufe. Abin da zamani ya kawo shi ne kayan kanti da sababbin sunaye, kuma sunayen ba ɗaya suke ba.

Ƙarin gashi shi ne gamammen suna na duk abin da aka haɗa da gashin mace wajen kitso don ya ƙara tsawo ko kauri. Abin da ake ƙarawar ana ce masa gashin kanti ko gashin doki. Na biyun suna ne na raini, kuma ba gaskiya yake faɗa ba, domin mafi yawansa zaren roba ne da ake yi a masana'anta, mai tsadarsa kuwa gashin mutum ne. Hular gashi daban take. Ita an riga an ɗinke ta a kan raga, ana sa ta ana cirewa, shi ya sa Bahaushe ya kai ta dangin hula. Acuci kuma, wanda cikakken sunansa acuci-maza, ba gashi ba ne sam. Ɗan dunƙule ne mai laushi da ake ɗaurewa a ƙeya ƙarƙashin ɗankwali ko hijabi, don wanda ya gani ya zaci tulin gashi ne. Sunan ya riga ya yanke hukunci tun kafin a tambayi kowa. In aka duba aikinsa, jikan matashin doka ne, sai dai na da a fili yake kowa ya san da shi, babu wanda ya ce an cuce shi. Kada kuma a haɗa shi da gammo, wanda shi ma tsumma ne da aka naɗe aka ɗora a kai, amma don ɗaukar tulu ko itace.

Rarrabe waɗannan sunaye yana da amfani ko a wajen tambayar malamai. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim a kan tsinuwa ga mai haɗa wa mace gashi da wadda ake haɗa wa. Malaman fiƙihu kuma sun yi bayani mai tsawo, sun kuma saɓa, a kan abin da ya shiga wannan hani da abin da bai shiga ba: gashin mutum, da zare ko ulu, da zaren ado mai launi wanda ba ya kama da gashi, da abin da aka ɗora kawai ba a haɗa ba. Fatawa tasu ce, ba ta wannan maƙala ba. Amma matar da ta aika da tambaya ta ce "gashin doki" alhali hular gashi take nufi, ko ta ce "ƙari" alhali kitson zare ta yi, ta tambayi abin da ba shi ne a kanta ba, kuma amsar da za ta samu ta wani abu ce.

Gashin doki na haƙiƙa kuwa yana nan, sai dai ba a kan mata 'yan kwalliya yake ba. Farar hular nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da lauyoyi da alƙalan manyan kotuna suke sawa, wadda muka gada daga Ingila, ita ce asalinta da gashin doki ake saƙa ta, kuma masu tsadarta har yanzu da shi ake yi. Ita kuwa babu wanda ya taɓa kiranta da wannan suna, hular lauya kawai ake ce mata.